Shukar da ba ta son toka

A watan Mayun 2018, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, na ɗebi iyali muka tafi wani lambu da ake kira Exbury, can kudancin Ingila, kusa da Southampton. Daga Luton inda muke zaune sai da muka yi sama da awa biyu a mota. Wani abokin aiki ne ya daɗe yana ba ni labarin wurin, ni kuwa jin sa kawai nake yi, don a lokacin fure bai dame ni ba. Gani ya kori ji. Lambun eka 200 ne, wani attajiri mai suna Lionel de Rothschild ya sayi filin a 1919, ya duƙufa wajen haɗa irin furanni a ciki. Muna shan wata kwana sai ga wasu gajerun itatuwa a jere, wasu jawur, wasu ruwan lemo, wasu ruwan ɗorawa, kamar an cinna wa gefen hanyar wuta. Abin da ya tsayar da ni shi ne kusan babu ganye a jikinsu. Fure ne zalla a kan rassa, ganyen kuwa sai a lokacin yake ɗan leƙowa.

Nan take gurjiya ta faɗo mini a rai. Akwai wata a bakin gonar kakana a ƙasar Zazzau, da hunturu takan kakkaɓe ganyenta tas, sannan jajayen furanni su fito mata a kan rassa. Na shekara goma sha ban tuna da ita ba sai ranar. Na duba allon da ke gindin itacen, na ga sunansa azaliya. Daga baya na fahimci cewa azaliya kashi biyu ce: akwai wadda ba ta rabuwa da ganyenta duk shekara, yawancinta daga Japan aka samo, akwai kuma wannan mai zubar da ganye da sanyi. Dukansu 'yan gida ɗaya ne da wani itacen fure da ake kira rododenduron. Irin da na gani a Exbury jikoki ne na wani dogon aikin haɗa iri da aka faro a garin Ghent na Beljiyam a farkon ƙarni na 19, aka ci gaba da shi a gidan renon tsirrai na Knap Hill a Surrey, kafin Rothschild ya ɗora daga nan.

Ba a yi mako ba na je wani shagon sayar da tsirrai na sayo guda, irin da ake kira Gibraltar, mai fure ruwan lemo mai tattara a baki. Na dawo na yi mata duk gatan da na sani. Ni ɗan manomi ne, da fartanya na tashi. Na haƙa rami mai zurfi a tsakiyar bayan gida, na zuba busasshen kashin kaji da na sayo a buhu, na kwaso tokar da ta taru a murhun gasa nama na gauraya, don a gida toka da taki su ne abincin gona. Na saka shukar can ƙasa, na tara mata ƙasa a gindi kamar yadda ake yi wa dawa huɗa. Duk ciyawar da ta leƙo kusa da ita sai in bi da 'yar fartanya in kafce. Shekarar kuma aka yi zafi da fari a Ingila, watan Yuni da Yuli kusan babu ruwan sama a wajenmu, don haka kullum da yamma ina tsaye a kanta da tiyo ina kwarara mata ruwan famfo.

Kafin Agusta sababbin ganyayen suka fara ɗashewa. Jikin ganyen ya koma rawaya, jijiyoyinsa kuma suka tsaya kore shar, kamar an zana su da alƙalami. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara taki. Sai bakin ganyen ya fara ƙonewa. Da sanyi ya shigo ta zubar da abin da ya rage, na ce ai ɗabi'arta ce. Afrilun 2019 ya zo, komai na unguwa ya yi toho, ita shiru. Na kankare ɓawon wani reshe da farce, maimakon kore sai na tarar da shi ruwan ƙasa, a bushe.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Baturiya da ta shekara arba'in a layin, ita ta leƙo ta kan shinge ta tarar da ni ina tono gawar. Ta tambaye ni abin da na zuba a ramin, na lissafa mata. Da na ambaci toka sai ta dafe ƙirji. Ta ce in shiga kicin in buɗe butar dafa ruwan shayi in gaya mata abin da na gani. Na san amsar tun kafin in buɗe: wani farin ɓawo ne da kullum uwargida ke fama da kankare shi. Ta ce to wannan alli ne, garin nan gaba ɗaya a kan dutsen alli yake zaune, ƙasarmu alli, ruwan famfonmu alli, azaliya kuwa ba abin da ta tsana kamarsa.

Ta ba ni wani ɗan kwalaben gwajin ƙasa. Ana ɗiban ƙasa kaɗan a zuba, a ƙara wani gari da ruwa, a girgiza, a jira launin ya fito. Ma'aunin ana kiransa pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen su kanwa da toka. Azaliya tana son tsakanin 4.5 da 6. Tawa ƙasar ta ba da kore mai duhu, kusan 8. Kuma ba ƙaramar tazara ba ce, don kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne. Na tsinci wani farin dutse daga ramin na ɗiga masa ruwan tsami na kwalba, sai ya hau kumfa yana tsuwa. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta san abin da na yi wa shukar nan da tokata.

Bayanin rawayar ganyen ma a nan yake. Tsiro yana buƙatar sinadarin ƙarfe kafin ya yi koren ganye. Ƙarfen yana nan a cikin ƙasar alli, amma a ɗaure yake, ba ya narkewa yadda saiwar azaliya za ta iya sha. Ga abinci a gabanta, ga yunwa tana kashe ta. Da na girgiza ƙasar da ke jikin saiwar kuma na ga sauran ɓarnar. Azaliya ba ta da doguwar saiwa mai nutsewa kamar ta tsamiya. Saiwoyinta sirara ne kamar gashi, a cure wuri ɗaya kamar soso, kuma a saman ƙasa suke yaɗuwa don suna son iska. Zurfin ramin da huɗar sun shaƙe su, fartanyar ta yi ta yanka waɗanda suka yi ƙoƙarin tasowa, kashin kajin kuma ya yi musu zafi. Rashin sani ya fi dare duhu. Abu huɗu da na gada a matsayin kula da shuka, duka huɗun cutarwa ne a wajenta.

Na so in gyara ƙasar. Ana barbaɗa garin farar wuta don a ƙara wa ƙasa tsami, kuma yana aiki a inda allin ba shi da yawa. Amma dattijuwar ta ce kada in wahalar da kaina, wanda ke zaune a kan tsaunin alli ba zai rinjaye shi da buhun farar wuta ba, bara ka zuba, bana ƙasar ta koma yadda take. Exbury da Knap Hill duk a kan ƙasa mai tsami suke, shi ya sa abin ya karɓe su. Mu namu sai tukunya.

Na jira har Oktoban 2019, don dashen kaka ya fi kama ƙasa: akwai sauran ɗumi a cikinta, ga ruwan sama, shukar kuma ba ta da hidimar fure. Wannan karon na zaɓi azaliya mai rawayan fure da ake kira luteum, wadda asalinta daga duwatsun Kokeshas ne da gaɓar Baƙin Teku a Turkiyya. Saboda ƙamshinta na zaɓe ta. Na samo babbar tukunya mai faɗin santimita 50, mai huji da yawa a gindi, na ɗora ta a kan bulo uku don ruwa ya riƙa wucewa. Na sayo ƙasar buhu ta musamman ta tsirrai masu son tsami, za ka ga an rubuta ericaceous a jikin buhun, na gauraya ta da ɗan dakakken ɓawon itacen fain don kada ta dunƙule. Kafin in dasa sai da na tsoma curin saiwar a bokitin ruwan sama har kumfar iska ta daina fitowa, sannan na ɗan warware gefensa da yatsu, saboda saiwar ta riga ta saba kewaya robar da ta zo a ciki. Na zaunar da ita daidai inda ƙasa ta tsaya mata a da, ban ƙara ko kaurin yatsa ba. A sama na shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5, na bar fili kaɗan a kewayen gindin. Wannan shimfiɗar ita ta maye gurbin fartanya: tana hana ciyawa, tana riƙe laima, tana sanyaya saiwa. Ciyawar da ta ɓulla da hannu nake cire ta.

Wurin ajiye tukunyar ma sai da aka yi shawara. Na so in sa ta inda hantsi ke fara dukan gidan. Maƙwabciyar ta hana. Ta ce idan raɓa ta daskare a kan ƙullin fure da dare, rana kuma ta buge shi da sassafe, narkewar gaggawar ita ke lalata shi. Muka kai ta gefen yamma, kusa da shinge, inda take samun rana daga azahar zuwa la'asar, iska kuma ba ta kaɗa ta sosai.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce rabin aikin. Na sayi duro mai cin lita 200 na haɗa shi da bututun da ke sauko da ruwan rufin ɗaki. Ya tuna mini yadda muke jera bokitai da randuna a ƙarƙashin indararo idan hadari ya taso. A Ingila duron ba ya daɗewa bai cika ba. Ƙa'idar da na bi ita ce in tura yatsa cikin ƙasar: in na ji laima in bar ta, in ta fara bushewa in ba ta har ruwa ya fito ta gindi. Ba ta son ƙishi, ba ta kuma son zama cikin caɓi.

A Nuwamba ganyen ya rikiɗe, ya yi ja da ruwan goro da wani shuɗi-shuɗi mai duhu, sannan ya zube. Ƙaramar 'yata ta fito ta ga sanduna tsaye a tukunya, ta ce, “Baba, wannan ma ta mutu?” Na ɗaga ta na nuna mata kan rassan. A ƙarshen kowane reshe akwai wani ƙulli mai kauri kamar ƙwayar gyaɗa, a rufe ruf. Waɗannan su ne furannin baɗi. Ƙananan da ke jikin reshen, sirara masu tsini, su ne ganye. Tun daga ranar ta ɗauki aikin ƙirga su, ta samu goma sha ɗaya.

Suka buɗe a watan Mayun 2020, muna cikin kullen korona, a goman ƙarshe na azumi. Ba masallaci, ba ziyara, duniyar tamu ta tsaya a bayan gida. Kowane ƙulli ya fashe ya fitar da tarin furanni, bakwai zuwa goma sha, rawaya, kowanne kamar ƙaramin kakaki, da zare biyar dogaye da suka zarce bakinsa, bayansa kuma yana da danƙo in ka taɓa. Ƙamshin da yamma yake tashi, mai zaƙi, mai nauyi. A tabarma kusa da tukunyar muka riƙa shan ruwa. Na kira Inna ta bidiyo na nuna mata. Ta duba da kyau, ta ce, “Yana 'ya'ya ne, ko ana miya da ganyen?” Na ce a'a Inna, kallo da ƙamshi ne kawai, guba ne ma. Ta ce, “To ka kula da yaran nan. Allah ya sa albarka.” Sannan ita da kanta ta ce ya yi mata kama da gurjiyar gonar Malam, wato kakana.

Maganar gubar gaskiya ce, kuma duk mai yara ko dabba ya kamata ya riƙe ta. Ganye da fure da ruwan furen duk suna ɗauke da ita, tumaki da awaki kan mutu idan suka ci da yawa. A yankin Baƙin Teku na Turkiyya har yau ana samun zumar da ƙudan zuma ke haɗawa daga wannan fure da wani ɗan'uwansa, suna kiranta deli bal, wato mahaukaciyar zuma. Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wata rundunar Girkawa da ta yada zango kusa da garin da yanzu ake kira Trabzon ta sha wannan zuma, sojojin suka zube suna amai kamar an ci su da yaƙi, sai bayan kwana biyu zuwa uku suka miƙe. Na zaunar da yarana na gaya musu ba a kai ko ganye ɗaya baki. A nan Ingila kuma wannan irin ya kan tsere daga lambu ya bazu a daji, shi ya sa doka ta hana a dasa shi a daji, sai dai a cikin gida ko lambu.

Da furen ya yi yaushi na bi na tsinke kawunan da yatsa biyu, a hankali, don sabon toho a ƙarƙashinsu yake fitowa, garaje kaɗan sai ka haɗa da shi. Amfanin tsinkewar shi ne kada ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri. In akwai reshen da za a rage, lokacin ke nan, da zarar fure ya ƙare. Wanda ya bari sai kaka ya yi aski, furannin baɗi ya yanke. Taki kuwa kaɗan take so, na masu son tsami, sau ɗaya a Afrilu, wani lokaci in ƙara kaɗan bayan fure, daga ƙarshen Yuni in tsaya.

Afrilun 2021 ya zo da sanyin dare mai tsanani, kusan kullum sai an wayi gari da farar raɓa a daskare a kan motoci, ga ƙullayen sun fara kumbura. Na riƙa lulluɓe ta da wani farin mayafi mara nauyi da ake sayarwa don tsirrai, bayan isha'i in rufe, in na dawo daga asuba gari ya ɗan sake in yaye. Biyu kawai suka yi baƙi. A ƙarshen damunar shekarar kuma na ga an gutsuttsure bakin ganyaye kamar da abin huda takarda. Na fita da tocila da dare na kama masu laifin, wasu baƙaƙen ƙwari, ba sa tashi, tafiya suke yi. Cin ganyen ba shi ne abin tsoro ba. Ƙwan da suke sakawa a ƙasar tukunya yana ƙyanƙyashe fararen tsutsotsi masu lanƙwasa, kamar ƙananan gwazarma, su kwashe lokacin sanyi suna cin saiwa ba ka sani ba, sai dai ka ga shuka ta faɗi. Maganin da na yi amfani da shi wasu mitsi-mitsin tsutsotsi ne da ido ba ya gani, ana sayar da su a fakiti, a dama a ruwa a zuba a tukunya a watan Satumba tun ƙasa na da ɗumi, su shiga jikin fararen tsutsotsin su kashe su. Tun daga nan duk shekara nake yi. Wani lokaci a Agusta ganyen kan yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, wata fumfuna ce, takan zo idan saiwa ta ji ƙishi. Tun da ganyen zubewa zai yi, ba na fesa komai, sai dai in share wanda ya zube in zubar da shi nesa da tukunyar.

Darasin da ya fi yi mini ciwo na 2022 ne. A ranar 19 ga Yuli zafi ya haura digiri 40 a Ingila, karo na farko tun da aka fara ajiye lissafi. Duro ya ƙafe ƙaf. Mako guda bayan haka muka tafi gida hutun makaranta, mako biyar. Na bar wa wani yaron unguwa amanar ban ruwa, amma na ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya ba ta ruwan famfo, ya jira na sama. Ruwan sama bai zo ba, yaron kuma ya bi maganata. Na dawo na tarar da ganyen ya naɗe, rabi ya ƙone. Ba ta mutu ba, amma a Mayun 2023 kai uku kacal ta fitar, alhali shekarar da ta gabata mun ƙirga sama da arba'in. Dalili shi ne azaliya tana ƙulla furannin baɗi ne tsakanin Yuli da Satumba, ƙishin waɗannan watanni shi ke hana ƙullin samuwa. Kuskuren umarnina ne. Ruwan famfo na wata ɗaya ko biyu ba ya kashe ta, allin a hankali yake taruwa, ana kuma iya gyara shi da 'yar ƙasa sabuwa da maganin ƙarfe na ruwa. Yanzu duro biyu gare ni, kuma duk wanda zan bar wa ita ina gaya masa in na sama ya ƙare ya buɗe famfo.

A watan Maris na 2023 na juye ta zuwa tukunya mafi girma kaɗan, na kankare tsohuwar ƙasar sama na sa sabuwa. A nan na ga wani reshe mai laushi da ya sunkuyo har yana taɓa bakin tukunyar. Maƙwabciyar ta koya mini yadda ake samun 'ya daga jikinsa ba tare da an yanke shi ba. Na ajiye ƙaramar tukunya a gefe, na ɗan fere ɓawon reshen ta ƙasa da wuƙa, na kwantar da wurin a cikin ƙasar, na danne da lanƙwasasshiyar waya, na ɗora dutse, na ɗaure kan reshen a jikin ɗan sanda don ya kalli sama. Uwar tana ci gaba da shayar da shi yayin da yake fitar da tasa saiwar a wurin raunin. Ba aikin gaggawa ba ne. Sai a kakar 2024, bayan wata goma sha takwas, na ɗan ja shi na ji ya riƙe ƙasa gam. Na sa almakashi na raba shi da uwar, na bar shi a wurin ya ƙara mako uku, sannan na miƙa wa dattijuwar ta kan shinge, da ƙulli biyu a kansa. Ta ajiye shi a bakin ƙofar kicin ɗinta, kusa da duronta na ruwan sama.